Mai Kaifin Ji a Ƙasar Jarumai: Nasiha Ga Mutanen Rikoto

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya halicci zukata iri-iri kamar yadda Ya halicci harsuna da launuka. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa, a wannan mako za mu yi magana a kan wani bawan Allah da ke zaune a cikinmu, a rumfar kasuwa da ofishin gwamnati, wanda muka daɗe muna yi wa mummunar fassara.

Shi ne mutumin da ƙarar janareta da injin niƙa da lasifika ke gajiyar da shi fiye da ɗaukar kaya. Idan maigida ya daka masa tsawa a gaban jama'a, maganar za ta hana shi barci har kwana uku. Yana shiga ɗaki zai gane an yi faɗa tun ba a gaya masa ba, kuma idan ya ga mai bara da yaro goye sai abinci ya fita masa a rai. Bahaushe da kalma ɗaya yake cewa ya ji ƙara, ya ji ƙanshi, ya ji zafi, ya ji tausayi, ya ji magana. To, wannan mutum a dukan waɗannan jinsa ya fi na sauran jama'a ƙarfi, saboda haka za mu kira shi mai kaifin ji.

Mun ambaci Rikoto, unguwar nan ta cikin garin Zuru a Jihar Kebbi, domin ƙasar Zuru ƙasa ce da ake auna namiji da juriya. A al'adar Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, akwai golmo, inda saurayi kan yi wa surukinsa noma har shekara 7 kafin a ba shi mata, kuma kowa ya san yawan 'ya'yan da wannan ƙasa ta bayar ga aikin soja. Juriya abin yabo ce, babu mai musu. Amma inda ta zama ita kaɗai ce ma'auni, sai mai kaifin ji ya tashi da sunaye: rago, matsoraci, miskili, mai girman kai. Wani ma a ce iska ce ta taɓa shi, a yi ta yawo da shi wurin masu magani ana cinye dukiyar iyayensa, alhali lafiyarsa lau.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

A shekarar 1996 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Elaine Aron, ta wallafa littafi a kan irin waɗannan mutane, a 1997 kuma ita da mijinta Arthur Aron suka fitar da ma'aunin gane su. Ta ƙiyasta cewa sun kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na mutane, maza da mata, wasu masu bincike na baya kuma suka ce sun kusa kashi 30. Shi ma Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya gwada jarirai 'yan wata 4, ya tarar kimanin ɗaya cikin biyar suna firgita da kuka idan aka nuna musu sabon abu. Wannan ya nuna cewa halin yana da tushe tun daga haihuwa, ko da yake tarbiyya tana ƙara shi ko ta sassauta shi. Likitoci ba su lissafa shi cikin cututtuka ba.

Bayanin masana shi ne, ƙwaƙwalwar irin wannan mutum tana ɗaukar ƙananan abubuwa da wasu ba su lura da su ba, ta yi ta juya su, don haka take cika da wuri. Kuma kamar yadda mugunta ta fi yi masa illa, haka kyautatawa ta fi yi masa amfani. A 2015 an wallafa wani bincike da aka yi a Ingila a kan 'yan mata 'yan makaranta da aka koya wa dabarun kare kai daga ciwon baƙin ciki, sai aka ga masu kaifin ji a cikinsu su ne suka amfana da darasin.

ABIN DA MAGABATA SUKA NUNA

Wanda ya karanta sira ba zai yi mamakin wannan ba. A cikin rashin lafiyar da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wafati, shekara ta 11 bayan Hijira, ya umarci Sayyidina Abubakar ya ja salla. Nana A'isha ta nemi a sauya shi, domin mahaifinta mai taushin zuciya ne, kuka kan ci ƙarfinsa idan yana karatu. Manzo bai sauya ba. Wannan mai kukan shi ne ya tsaya ya natsar da al'umma a ranar wafati, kuma shi ne ya ƙi sassauta wa masu hana zakka sa'ad da manyan sahabbai suka yi jinkiri. Haka nan Manzo ya iske wani mutumin Madina yana yi wa ɗan'uwansa faɗa saboda yawan kunya, sai ya hana shi, ya sanar da shi cewa kunya tana daga imani. Ya kuma shawarci Abu Zarri kada ya karɓi mulki ko riƙon dukiyar maraya, saboda ya san halinsa, ba tare da ya rage masa daraja ba. Ke nan sanin halin mutum da ɗora masa abin da zai iya, sunna ce.

Sai dai wannan bai zama izinin guje wa mutane ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 ta Hijira (1111), ya ware babi a cikin Ihya'u inda ya auna amfanin kaɗaita da illolinta, ya nuna cewa hukuncin yana sauyawa gwargwadon mutum da halin da yake ciki. Hadisi kuma ya fifita muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ba ya cuɗanya. Abin nema shi ne ma'auni.

YADDA ZAI TAFIYAR DA YININSA

Na farko, ya ɗauki salloli biyar a matsayin zangon hutu. Idan an sallame azahar kada ya zabura, ya zauna minti 10 a kusurwar masallaci, kuma ya riƙe ƙailula ko da kaɗan ce. Na biyu, ɗan kasuwa ya yi lissafi da ciniki mai nauyi da sassafe, kafin kasuwa ta cika. Idan aka matsa masa a kan bashi ko farashi, ya ce a ba shi zuwa gobe, domin irinsa kan amsa abin da zai yi nadama don kawai kada ran wani ya ɓaci. Ya rubuta kowane bashi kamar yadda Alƙur'ani ya yi umarni a ƙarshen Suratul Baƙara, sai takarda ta yi maganar da kunya ke hana shi yi. Na uku, a wurin biki ko zaman makoki ya je da wuri, ya gaisa, ya yi addu'a, ya tashi; hakki ya sauka.

Na huɗu ya shafi wannan ƙasa musamman. Masarautar Zuru ta sha wuya a hannun 'yan bindiga: a watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba, a watan Nuwamba na 2025 kuma aka sace 'yan mata daga makarantar Maga. Duk lokacin da irin wannan ya faru, hotunan gawawwaki kan cika wayoyin mutane. Mai kaifin ji ya ji labari sau ɗaya daga rediyo ko amintaccen mutum, kada ya buɗe hotunan, musamman da dare. Ya mai da tausayinsa aiki: kwanon hatsi ga wanda ya baro ƙauyensa ya fi kallon bidiyo sau ashirin. Masu turawa su ma su ji tsoron Allah, domin mamaci yana da alfarma.

Na biyar, ya yi hattara da waswasi, domin mai zurfin tunani kan yi ta maimaita alwala da niyya. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid ya bayyana cewa wanda kokanto ya aure shi a cikin salla ya yi watsi da shi, ya yi sujada bayan sallama, shi ke nan. Haka nan a mu'amala: ba kowace fuska a ɗaure ba ce take nufin an yi fushi da shi.

GA IYAYEN GIDA DA SHUGABANNIN OFIS

Ya kai Alhaji, yaron shagonka da ba ya iya kiran masu saye da ihu, shi ne zai fara lura da kuɗin jabu da awon da ya tauye. Ya kai shugaban ma'aikata, akawun da ke shiru a wurin taro shi ne zai gano kuskuren fayil kafin mai binciken kuɗi ya iso. Ku ajiye kowa inda ya dace. Idan ya yi laifi ku kira shi gefe, kalma biyu sun ishe shi. Tsawa a bainar jama'a ba ta ƙara masa kome sai ruɗewa. Manzon Allah yakan gajarta salla idan ya ji kukan jariri don tausayin uwarsa, ina kuma ga mai lasifikar da ke hana maƙwabta barci? Iyaye ma kada su nemi taurara irin wannan yaro da bulala da gori. A saba masa da jama'a sannu a hankali, ana yaba masa idan ya yi ƙoƙari.

Akwai iyaka da ya wajaba a sani. Idan baƙin ciki ya wuce mako 2 ba ya yayewa, barci da cin abinci suka lalace, mutum ya kasa fita aiki, ko ya fara tunanin gara ya mutu, to wannan ya wuce hali ya zama ciwo. A kai shi asibiti ba da jinkiri ba, idan ta kama har Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Neman magani ba ya warware tawakkali, kuma addu'a da magani tare suke tafiya.

Garin da ya tara jarumai yana bukatar wanda zai fara jin kukan maraya, ya tuna wa jarumai da shi. Allah Ya ba mu ikon sanin hakkin juna, Ya zaunar da ƙasar Zuru da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.