Daga kasuwar dawaki zuwa hamadar Djurab: abin da haƙorin doki ke faɗa

A Damagaram, dillalin dawaki ba ya jiran a gaya masa shekarun doki. Leɓen dokin zai ɗaga, ya duba haƙoran gaba. Na nono suna fara zubewa a shekara 2 da rabi, kafin doki ya cika shekara 5 manya sun gama maye gurbinsu. Sani ne da ya daɗe a ƙasar da Sarki Tanimu ya yi suna da rundunar mahaya a ƙarni na 19.

Masana kasusuwan da suka zama dutse su ma haƙori suke bi, sai dai nasu lissafin na miliyoyin shekaru ne. Haƙori ya fi kowane ƙashi tauri, shi ya sa ya fi daɗewa a cikin ƙasa.

Na tauna suka fi dubawa. Na doki dogo ne, mai kusurwa huɗu, saboda ciyawa da yashi suna cinye shi a hankali. A samansa akwai zane mai lanƙwashe-lanƙwashe. Na saniya kuwa zanensa ya yi kama da jinjirin wata. Na jaki ne mai wahala, domin sau da yawa sai gwani ke raba shi da na doki.

Akwai wata alama a haƙorin sama, ta ɓangaren harshe. A dokin yau, da jaki, wani ɗan zobe yana manne da sauran zanen. Idan ya ware shi kaɗai kamar tsibiri, to ana maganar Hipparion ne, wani dangin doki mai yatsu 3 da ya shigo Afirka sama da shekara miliyan 10 da suka wuce, ya kuma ƙare tuni.

An samu ragowarsa a maƙwabciyarmu Cadi, a Toros-Menalla cikin hamadar Djurab, inda tawagar Michel Brunet ta gano ƙoƙon kan Toumaï a 2001. Dabbobin da aka tarar a wurin na cikin abin da ya taimaka wajen ƙiyasta shekarunsa zuwa kusan miliyan 7.

To, me mai haƙar rijiya ko mai ɗibar yashi zai yi idan ya ci karo da haƙori mai nauyin dutse? Launi kaɗai ba hujja ba ne, domin ƙasa kan rina haƙorin dokin da bai daɗe da mutuwa ba. Abin da ya fi daraja shi ne wurin: a ɗauki hoto, a riƙe zurfin ramin, a sanar da hukumomin al'adu ko Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai. Dokar Nijar ta 1997 ta kare irin waɗannan kayan tarihi.

Haƙorin da aka cire aka sayar wa baƙo, labarinsa ya tafi ke nan, kuma ba zai dawo ba.