Labarin Maytals, Mawaƙa Uku Na Tsibirin Jamaika

Ran 6 ga Agusta, 1962, tsibirin Jamaika ya karɓi mulkin kansa daga hannun Ingila. A wannan zamani ne waɗansu samari uku suka haɗu a Kingston, babban birnin tsibirin, suka shiga waƙa tare, suka kira kansu Maytals. Sunayensu Frederick Hibbert, wanda a ke yi wa laƙabi da Toots, da Henry Gordon, watau Raleigh, da Nathaniel Matthias, watau Jerry. Cikin shekara shida kiɗan ƙasarsu ya sāke kama har sau biyu, daga ska zuwa rocksteady zuwa reggae, kuma duk mai son ya gane yadda abin ya gudana, in ya bi sawun mutanen nan uku ya wadatar.

Toots shi ne jagora. An haife shi a garin May Pen a 1942, iyayensa masu wa'azi ne na wata ɗarikar Kirista, saboda haka a majami'a ya fara buɗe baki da waƙa. Ya yi maraici tun yana yaro, ya gangaro Kingston neman abinci, ya kama aiki a shagon aski. Waƙar da ya taso da ita irin ta ƙauye ce: mutum guda ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa, jama'a su amsa masa. Raleigh da Jerry su ne 'yan amshi. Mu lura da wannan, gama shi ne abin da bai taɓa sākewa ba cikin dukan tarihinsu. Mutanen Jamaika galibinsu jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka, don haka wanda ya saba da jin mawaƙi da 'yan amshinsa ba zai ji baƙon abu ba.

A lokacin, talakan Kingston ba shi da halin sayen garmaho. Waɗansu 'yan kasuwa su kan ɗauko manyan lasifikoki su kafa a fili da dare, su sa faifai, mutane su biya su yi rawa. Da farko faifan Amurka su ke sawa. Da irin wanda jama'a ke so ya yi wuya, sai suka shiga buga nasu. Daga nan ska ya fito, kiɗa ne mai sauri, da kayan busa irin na 'yan badujala, jita kuwa tana faɗawa a tsakanin bugun ganga, har mai ji ya ga kamar kiɗan tsalle ya ke yi. Ɗaya daga cikin manyan 'yan kasuwan nan, Clement Dodd, mai gidan ɗaukar waƙa na Studio One, shi ya fara buga faifan Maytals, makaɗan Skatalites suna yi musu kiɗa. Da yawa daga waƙoƙinsu na fari labarun Littafi Mai Tsarki ne, aka ɗora su bisa kiɗan rawa, mutane kuwa suka yi ta rawa ba su ga laifin haka ba.

Sai dai sana'ar ba ta da daɗi ga mawaƙi. Al'adar wurin ita ce a biya shi 'yan fam kaɗan sau ɗaya, faifai ya zama na mai gidan ɗauka, ko kwafi nawa aka sayar. Maytals suka bar Dodd suka koma wurin Prince Buster, daga can kuma suka wuce wurin Byron Lee. A 1966 aka fara gasar waƙa ta bikin mulkin kai, su ne suka ci ta farko da waƙarsu Bam Bam.

Ba su gama murna ba sai 'yan sanda suka kama Toots, aka ce an same shi da tabar wiwi, aka yanke masa ɗaurin wata 18. Shi dai har ya mutu yana cewa sharri aka ƙulla masa. To, a daidai wannan tsakani ne kiɗan Jamaika ya yi sanyi. Aka rage sauri, aka rage busa, jita mai kaurin murya ta shigo gaba, aka sami rocksteady, wanda ya dace da samari masu taushin murya da waƙar soyayya, irin su Paragons da Heptones da Melodians. Zamanin bai wuce shekara biyu ba, kuma wani sashe nasa ya wuce jagoran Maytals yana kurkuku. Abokansa ba su nemi wani suka sa a gurbinsa ba.

Da ya fito suka nufi wurin Leslie Kong, Bajamaike ɗan asalin Sin, mai shagon Beverley's. A ganinmu shekarun da suka yi da shi su ne ƙololuwar aikinsu. A 1968 Toots ya yi waƙa a kan ɗaurinsa, ya sa mata suna da lambar ɗan sarƙa, 54-46. Abin da wani zai ɓoye don kunya, shi ya fito da shi bainar jama'a, da murya irin ta mai wa'azi, abokansa suna amsawa, waƙar ta game tsibirin. A wannan shekara kuma suka fitar da Do the Reggay, wadda a ke ɗauka ita ce waƙa ta farko da ta sa kalmar nan a faifai. Ba su suka ƙago kiɗan su kaɗai ba, makaɗa da yawa suna da hannu a ciki, amma sunan da duniya ta san shi da shi a bakinsu aka fara jinsa. Suka sāke cin gasar biki a 1969, da kuma 1972. A 1970 waƙarsu Monkey Man ta shiga jerin faifan da aka fi saye a Ingila.

Kong ya rasu a 1971. Shekara ta zagayo aka fitar da sinimar nan The Harder They Come, ta Jimmy Cliff, inda aka nuna mutanen uku suna waƙa a gidan ɗauka, Turawa da Amurkawa suka gan su. Chris Blackwell na kamfanin Island ya ɗauke su, har a 1975 suka zaga Amurka tare da makaɗan Ingila, The Who.

Akwai abu guda da ya kamata mu tsaya a kansa. Wajen 1972 ne sunan ƙungiyar ya koma Toots and the Maytals. Ga masu sayar da faifai a ƙasashen waje wannan dabara ce, domin mutum guda ya fi uku sauƙin talla. Amma wanda ya saurari faifansu na da zai ji cewa rabin daɗin yana cikin amshi ne, yadda muryoyi biyu ke tarbar ta ukun kafin ta sauka. Tun daga nan sunan Raleigh da na Jerry suka fara shuɗewa. A farkon shekarun 1980 mutanen uku suka rabu. Da Toots ya tā da sunan daga baya, da waɗansu mutane ya tā da shi.

Shi kam ya daɗe yana cin gajiya. Ya sami kyautar Grammy a 2005, ƙasarsa ta ba shi lambar girma ta Order of Jamaica a 2012. A 2013 wani ya jefe shi da kwalba a ka yana cikin waƙa a Richmond ta Amurka, ya yi shekara uku bai hau dandali ba, ya kuma rubuta wa alƙali yana roƙon a sassauta wa yaron. Ya rasu a Kingston ran 11 ga Satumba, 2020, yana da shekara 77, bayan ya kamu da cutar korona, mako biyu da fitowar faifansa na ƙarshe.