Gargaɗi: Muzurun da Ya Kasa Fitsari Ba Ya Jiran Gobe

Masu kiwon kyanwa, musamman masu muzuru, a saurara. Idan kuka ga muzuru yana ta zarya zuwa yashin da ya saba fitsari, ya tsuguna ya yi ta yunƙuri yana kuka, ya tashi ba komai sai ɗigo ɗaya ko biyu, wani lokacin da jini-jini, ga yawan lasar gabansa, ku kai shi asibitin dabbobi a ranar. Toshewar hanyar fitsari kan kashe muzuru cikin kwana 2 zuwa 3.

Inda ake yin asarar shi ne, mutane kan ɗauka kashi ne ya ƙi fita, don tsugunon iri ɗaya ne. Sai a ba shi man ja a ce bari a ga wayewar gari. Ku tona yashin ku duba: in a bushe yake, matsalar fitsari ce.

Hanyar fitsarin muzuru siririya ce, ta fi ta mace tsawo da ƙunci, shi ya sa tsakuwar da ba ta fi ƙwayar gero ba, ko tarin ɓurɓushi mai kama da rairayi, ke rufe ta ruf. Fitsari ya taru, ƙoda ta tsaya, sinadarin fotashiyam ya yi yawa a jini har ya taɓa bugun zuciya. Da ya fara amai, ya ƙi abinci, ya shige ƙarƙashin gado, lokaci ya ƙure. A mararsa za ku ji mafitsara ta yi tauri kamar lemun zaƙi. Kada ku matsa ta, tana iya fashewa.

Kuma don Allah, kada a ba shi Panadol ko kowane farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi. Ƙwaya ɗaya tana kisa. Tausayi ne ke sa a yi haka, na sani, amma guba ce.

A asibiti za a yi masa allurar barci, a zura robar fitsari, a yi ƙarin ruwa, a ɗauki hoto. Tsakuwar iri biyu ce ta fi yawa: akwai mai narkewa da abinci na musamman cikin 'yan makonni, akwai mai sinadarin kalsiyam wadda sai an yi tiyata.

Kyanwa dama ba mai son shan ruwa ba ce, kakanninta na daji daga naman da suka kama suke samun yawancinsa. Muzurun da ke zaune cikin ɗaki, ya yi ƙiba, yana cin busasshen abincin leda kaɗai, shi ya fi shiga haɗari. A jiƙa masa abincin, a ajiye kwanukan ruwa biyu ko uku a inuwa, a riƙa sauyawa kullum, balle lokacin bazara.

Ciwon yakan dawo. Wanda aka sallamo daga asibiti, a riƙa duba yashinsa kowace safiya a tabbatar ya jiƙe.