Daga Akra zuwa Elmina: yadda ake tsara tafiyar gaɓar tekun Gana da mota da ɗan jagora

Tun daga 2019, lokacin da gwamnatin Gana ta gayyaci jikokin bayi su dawo gida domin tunawa da cika shekara 400 da sauke 'yan Afirka na farko a yankin Virginia, hanyar Akra zuwa Cape Coast da Elmina ta ƙara yin suna. Wanda ya ɗauki hayar mota da direba da ɗan jagora, lokacinsa na hannunsa, ba kamar fasinjan motar haya ba. Sai dai kuɗi kaɗai ba ya sa mutum ya ji tarihi cikakke. Tsarin da aka yi kafin tashi, da tambayoyin da matafiyi ya tanada, su ne ke bambanta ziyarar ilimi da yawon ɗaukar hoto.

Takardu da lokaci

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar zama har kwana 90. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo mai tambarinta har sai ta sake sanarwa, don haka ɗan Nijar ya tuntuɓi ofishin jakadancin Gana kafin ya kama hanya. Kowa kuma sai ya nuna katin rigakafin cutar shawara.

Ruwa ya fi sauka a gaɓar tekun tsakanin Afrilu da Yuni, sannan ya ɗan dawo wajen Oktoba. Masunta ba sa shiga teku ranar Talata, saboda haka mai son ganin hada-hadar kifi a Elmina ya zaɓi wata rana.

Magana a rubuce

Hukumar yawon buɗe ido ta Gana ce ke ba kamfanoni lasisi. A nemi ganinsa kafin a ba da kafin alƙalami. A rubuta ko farashin ya ƙunshi man fetur, da kuɗin shiga wuraren tarihi, da abinci da makwancin direba. A kuma fayyace ko direban shi ne ɗan jagoran, domin iya tuƙi daban, sanin tarihi daban.

Yadda hanyar take

Kwana uku sun wadatar. Ranar farko ta Akra ce: makwancin Kwame Nkrumah, wanda ya jagoranci ƙasar zuwa samun 'yanci a ranar 6 ga Maris 1957, da tsohuwar unguwar Jamestown, da Nima, inda Bahaushe zai yi ciniki da harshensa.

A rana ta biyu a tashi da asuba. Cape Coast na da nisan kimanin kilomita 150 yamma da Akra, amma cunkoson Kasoa, garin da ya samo sunansa daga kalmar kasuwa, kan cinye safiya. Daga nan hanya na ratsa ƙauyukan Fanti da itatuwan kwakwa. Turawan Fotigal ne suka gina ganuwar Elmina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace ta a 1637, sannan ta koma hannun Ingila a 1872. Cape Coast kuwa ita ce hedikwatar mulkin Ingila har zuwa 1877, lokacin da aka mayar da ita Akra. UNESCO ta sanya ganuwoyin cikin kayan tarihin duniya a 1979. Kada a haɗa su da wani wuri a yini ɗaya. Wanda ya shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa a Cape Coast, ya ga cocin da aka gina a samansa, yana buƙatar lokacin natsuwa.

Rana ta uku a nufi dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast, mai gadojin igiya bakwai a saman itatuwa, sannan a wuce Assin Manso, inda bayi ke yin wankan ƙarshe a rafi kafin a kora su bakin teku.

Tambayar da bai kamata a bari ba

Assin Manso ce ke tuna wa matafiyi cewa labarin bai fara daga bakin teku ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka tsare a ganuwoyin daga arewa aka taso da su, wasu ta Salaga, kasuwar da fataken Hausa suka daɗe suna zuwa sarin goro, kuma aka riƙa sayar da mutane a cikinta. Ɗan jagoran da ya tsaya kan laifin Turawa kawai, rabin labari ya bayar. A tambaye shi wa ya kama, wa ya sayar, wa ya ci riba. A tambaye shi kuma nawa ne daga kuɗin masu ziyara ke isa ga mutanen garuruwan. Idan ya amsa ba tare da kwana-kwana ba, ya cancanci ladan aikinsa.