Gasar Zanen Katin Wasiƙa a Taron Masu Labaran Kimiyya

A ƙasashen Turai da Amurka akwai waɗansu jama'a waɗanda babu abin da su ke sha'awa kamar ƙagaggun labaran kimiyya, watau labaran da a ke shiryawa a kan tafiya zuwa taurari, da injuna masu magana, da irin zaman da mutane za su yi nan gaba. Su kan taru shekara shekara, marubuta da masu karatu da masu zane, su kwana uku ko biyar suna tattaunawa. Kafin ranar taro, wani lokaci kwamitin shiri ya kan sa gasa a tsakanin 'yan ƙungiya, a ce kowa ya zana katin wasiƙa wanda za a buga a rarraba don sanar da mutane. Mai jin wannan zai ce wasan yara ne. Mu dai mun ga akwai abin lura a ciki, musamman ga malaman makaranta, da akawuna waɗanda kullum aikinsu shi ne faɗin magana mai yawa a ƙaramar takarda.

Babban taronsu na duniya, wanda su ke kira Worldcon, an fara shi a birnin Niyu Yok cikin watan Yuli na shekara ta 1939, mutum wajen 200 suka halarta. Babban baƙon da aka girmama a wannan taro na farko kuwa mai zane ne, Frank R. Paul, wanda ya riƙa zana bangon mujallar Amazing Stories da Hugo Gernsback ya kafa a 1926. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsai da taron daga 1942 zuwa 1945, sa'an nan aka ci gaba. An yi shi a Toronto ta Kanada a 1948, da Landan a 1957, da Yokohama ta Japan a 2007, da Chengdu ta ƙasar Sin a 2023. 'Yan sa kai ke gudanar da shi, kuma 'yan ƙungiya ke jefa ƙuri'a su zaɓi garin da za a je, shekara biyu kafin lokaci. Saboda haka kowane gari mai neman a zo masa dole ya tallata kansa, kuma da ya ke babu kuɗin ɗaukar kamfanin talla, a wurin 'yan ƙungiya a ke neman zane.

Wannan al'ada ta kai har ga kyautarsu mafi daraja, wadda a ke kira Hugo, da aka fara bayarwa a Filadelfiya a 1953. Siffar kyautar roka ce ta ƙarfe, kuma dokar ƙungiya ta hana a sāke ta. Amma gindin da rokar ke tsaye a kai, an bar wa kwamitin kowace shekara ya zaɓi irin nasa, kuma waɗansu kwamitoci ta hanyar gasa su ke zaɓa. Mutanen Japan a 2007 sun tsai da Ultraman, jarumin wasan talabijin na ƙasarsu, a gefen rokar. Tun 1967 kuma akwai kyauta ta musamman don mai zane wanda sha'awa ce ta sa shi, ba neman abinci ba.

To, me ya sa katin wasiƙa? Shi dai kati an fara sayar da shi a gidajen waya na daular Ostiriya da Hangari ran 1 ga Oktoba, 1869, bisa shawarar wani malamin tattalin arziki, Emanuel Herrmann. Ingila ta bi baya a 1870, kuɗinsa ɗari, watau rabin kwabon da a ke biya wa wasiƙa. A 1902 gidan waya na Ingila ya yarda a raba bayan kati biyu, gefe ɗaya saƙo, gefe ɗaya adireshi da kan sarki, gaba ɗaya fuskar ta zama ta hoto. Girmansa bai wuce kamar inci shida da inci huɗu ba. Ba shi da ambulan, don haka duk hannun da ya bi, daga akawun gidan waya har mai raba wasiƙu, sai ya gan shi. Yana da araha wajen bugawa, yana shiga aljihu, kuma mutane ba su cika jefar da shi ba.

Sharuɗɗan irin wannan gasa galibi kaɗan ne, amma suna da tsauri. Dole sunan taro da gari da kwanan wata su fito sarai. Dole zanen ya zama aikin hannun wanda ya kawo shi. Dole ya karantu bayan an rage shi ya koma girman tafin hannu, gama zanen da ya yi kyau a babbar takarda ya kan cuɗe in an ƙanƙanta shi. Alƙalai ko ƙuri'ar 'yan ƙungiya ke yanke hukunci, ladan kuwa sau da yawa bai wuce shiga taro kyauta da ganin sunan mutum a jikin kati ba. Wahalar aikin ita ce zaɓi. Mai zane yana da tunani goma, fili kuwa na ɗaya ne, sai ya san wanda zai riƙe da tara da zai bari.

Abin da mai zane ya zaɓa shi ke tona asirin zamaninsa, kuma muna da shaida a kan haka. Tun daga 1899, gab da babban bajekolin birnin Faris na 1900, wani Bafaranshe Jean-Marc Côté da waɗansu abokan sana'arsa suka zana jerin katuna suna nuna yadda Faransa za ta zama a shekara ta 2000. Marubucin nan Isaac Asimov ya sami waɗansu daga ciki ya buga su a littafi a 1986. Sun zana mai raba wasiƙu yana shawagi a sama, da 'yan kwana-kwana masu fikafikai, da injin aski, da injin share ɗaki. Akwai wanda ya shafe mu malamai: ga malami yana zuba littattafai cikin wani inji kamar na niƙa, wayoyi sun fito daga injin sun bi rufin aji sun sauka a kunnuwan yara. Amma a duba da kyau, wani yaro ne ke juya injin da hannu, kuma tufafin kowa na 1900 ne. Sun iya hango sabon inji, ba su iya hango sabon mutum ba. Sun kuma ɗauka ilmi hatsi ne da a ke niƙawa a ɗura, ra'ayin da har yau bai ƙare a waɗansu azuzuwa ba.

Sharaɗin nan na aikin hannu ya ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. A 2022, a bajekolin jihar Kolorado ta Amurka, wani mutum Jason Allen ya ci na ɗaya a wani sashe na gasar zane da hoton da ya samar ta hanyar Midjourney, watau manhajar kwamfuta da a ke rubuta wa bayani ta fitar da hoto. Masu zane suka yi ca a kan abin. A 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa hoton rajista, bisa dalilin cewa ba aikin ɗan Adam ne ya rinjaya a cikinsa ba. Irin wannan manhaja daga tarin hotunan da aka riga aka zana ta ke koyo. In an ce ta zana gobe, goben da waɗansu suka riga suka hango za ta maimaita, mutanen da ba su zana tasu ba kuwa ba za su ga kansu a ciki ba.

Nan ne maganar ta iso ƙofarmu. Ba mu zama baƙi ga irin waɗannan labarai ba, gama Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya da Hausa tun 1969, kuma Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta ci kyautar Hugo a 2016 da littafinta Binti. Amma darasin zane a makarantu da yawa ya zama lokacin da malami ke hutawa, a kafa kwalba a kan tebur a ce yara su kwafa. Kwafa tana horar da hannu da ido, ba ta tambayar yaro abin da ke ransa.

Shawararmu ga malamai mai sauƙi ce, ba ta kuma bukatar kuɗi. A yanka farin kwali inci shida da huɗu, a ba kowane yaro ɗaya, a ce ya zana garinsu bayan shekara hamsin, ya rubuta jimla biyu a baya kamar mai aika wa ɗan'uwa. A sa sharuɗɗa a fili tun farko, a samo alƙalai daga wani aji don kada a yi zargin son kai. Wajen dubawa, kada a tsaya ga wanda ya fi iya fenti. A lura da abin da yaro ya sāke da abin da ya bari yadda ya ke: ko akwai ruwa a rijiya, ko itatuwa na nan, wa ke tuƙa jirgi, wa ke ɗaukar tulu. Sa'an nan a rubuta suna da shekara, a adana katunan a akwatin makaranta. Katunan Faransa sun shekara fiye da 120, ga shi har yanzu ana karanta tunanin masu su, na yaranmu ma in an ajiye su za a sami mai karantawa.