Mai Kwalliya a Sabon Gari: Abin da Ke Bayan Hoton Amarya

A Sabon Garin Maraɗi, da sauran unguwannin birnin, akwai sana'ar da a da ba a lissafa ta cikin sana'o'i, yau kuma ta zama burin ɗimbin ƴan mata: gyaran amare, kwalliya da tallar tufafi. Da can gwaggo ko wata dattijuwar unguwa ke yi wa amarya ƙunshi da kitso, a sallame ta da goro da ɗan abin hasafi. Yanzu budurwa ce ƴar shekara ashirin, akwatin kayan shafa a hannu ɗaya, salula a ɗayan. Tana gama fuskar amarya ta ɗauki hoto ta ɗora a WhatsApp da TikTok, kafin la'asar an gani a Tibiri da Jiratawa, an gani a Katsina da Kano. In aka tambaye ta burinta, amsar ba ta wuce uku: ta buɗe shagon kanta, sunanta ya zaga, wata rana a sayar da kaya da sunanta a jiki.

Burin ba shi da aibu. Sai dai yawancin masu shigowa hoton da aka gama suke gani, ba su ga abin da ke bayansa ba. Salula faifan talla ce kawai. Abin da aka ɗora a kai shi ake saye. Iya hannu, lissafi da riƙon amana su ke tsayar da wannan sana'a, kuma ba ɗaya daga cikinsu da yawan masu kallo ke sayo wa mutum.

Garin da kasuwa ta raina

Ba abin mamaki ba ne sana'ar ta samu gindin zama a nan. Maraɗi cibiyar cinikin Nijar ce tun zamanin gyaɗa, kuma Alhazanta sun daɗe da sanin hanyar Kano kamar tafin hannunsu. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 267,000 a birnin, kuma kusan rabin al'ummar ƙasar yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ma'ana, biki da suna ba za su yanke ba. Haka kuma masu neman shiga sana'ar kullum ƙaruwa za su yi.

Kusan duk abin da mai kwalliya ke taɓawa daga waje yake zuwa. Atamfa da leshi daga Kantin Kwari suke biyo hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Shaddar Getzner daga Ostiriya take, abaya daga Dubai, hoda da jan baki mafi yawa daga Sin. Saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka sai ya taɓa akwatinta. Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, ƙofar Jibiya kuwa ba a sake buɗe ta a hukumance ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024, aka kuma yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya. A waɗannan watanni kaya sun yi tsada, wasu sun ɓace daga kasuwa, tela da mai kwalliya suka koma dogara da janareto da fitilar caji. Wadda ta shiga sana'ar ba ta san yadda naira ke hawa da sauka gaban sefa ba, za ta sayar da kaya yau ta kasa mayar da su gobe.

Yini ɗaya a gidan biki

Aikin yana farawa tun kwanaki kafin ɗaurin aure: dilka, halawa, turara jiki, sannan ƙunshi. Ranar wuni mai kwalliya kan hau kabu-kabu da sassafe, akwati a cinya. Ɗakin amarya cike yake da ƙawaye, hayaƙin turaren wuta ya tokare, zafin watan Afrilu ya haura digiri 40. Ta wanke fuskar, ta shafa abin da zai riƙe hoda, ta haɗa kala biyu ko uku a bayan hannunta har ta dace da launin wuyan amarya, don kada fuska ta fito fari fat wuya yana baƙi. Gira kaɗai na iya cin minti ashirin. Tana cikin manna gashin ido wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, gumi ya fara tsattsafowa, sai a sa ƙanwar amarya fifita da mafici. Daga nan ɗaurin kallabi, ninki bisa ninki, ana cewa amarya ta riƙe nan da yatsa. Kafin ta rufe akwati ƙawaye huɗu sun jeru: "Tanti, ɗan goga mana mu ma." Uwar amarya kuma ta leƙo: "Ɗiyata, sauran kuɗinki sai an watse." Ita kuwa ba abin da za ta ce sai "To, Hajiya, Allah ya sa alheri."

A nan ne riba ke zurarewa. Hodar da aka goga wa ƙawaye kyauta da kuɗi aka saye ta. Kuɗin kabu-kabu, kuɗin kiredi, audugar goge fuska, gashin idon da ba a sake amfani da shi, duk daga aljihunta suke. Ga bashin da kunya ke hana tambaya, musamman in bikin dangi ne. Da yawa sukan ɗauki duk abin da aka ba su a matsayin riba, sai ranar da kwalba ta ƙare su tarar babu kuɗin sabuwa. Littafi ɗan ƙarami da ake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, da karɓar rabin kuɗi tun ranar da aka yi magana, ko hannu da hannu ko ta masu aika kuɗi irin su Nita da Amana, su ke nuna ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Sana'ar kuma tana da kaka tana da rani: gab da azumi da bayan sallah aiki kan yi yawa, da damina ta kankama sai a yi sati ba kira. Mai hankali takan haɗa da ɗinki, ko kitso, ko haɗa humra da turaren wuta.

Masu kallo ba su ne masu saye ba

Akwai zaton da ya yaɗu cewa da mabiya sun yi yawa kamfanin manhajar zai fara turo dala. Tsarin da TikTok ke biyan masu bidiyo gwargwadon kallo yana aiki ne a ƙasashe ƙalilan, irin su Amurka, Ingila, Faransa da Jamus. Nijar ba ta ciki. YouTube kuwa, ko a ƙasashen da yake biya, cikakken rabon kuɗin talla sai mutum ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara ɗaya, ko kuma miliyoyin kallo na gajerun bidiyo. Don haka kuɗin ƴar Maraɗi a Maraɗi yake: amaryar da ta kira ta, ƴar kasuwar da ta biya ta don ta tallata mata atamfa, ɗalibar da ta zo koyo. Mutum ɗari a unguwannin Sabon Gari da Zariya da Ali Ɗan Sofo waɗanda suka san aikinta sun fi mata amfani a kan dubu hamsin da ke kallo daga nesa suna wucewa.

Waɗanda ake misali da su ma da hannu suka fara. Huda Kattan, ƴar asalin Iraƙi da ke zaune a Dubai, sai da ta yi karatun kwalliya ta yi wa mutane aiki kafin ta kafa Huda Beauty a 2013, kuma da gashin ido kaɗai ta buɗe kasuwa. Tara Fela-Durotoye ta fara gyaran amare a Legas a 1998 tana ɗaliba, daga baya House of Tara ya zama kamfani mai shaguna da makarantar koyar da sana'ar.

Fatar mutane amana ce

Nan ne maganar ta fi nauyi, domin kuɗin talla mafi sauƙin samu na masu man bilicin ne. Sinadarai uku suka fi yawa a cikin irin waɗannan mayuka. Na farko haidirokwinon, wanda in an daɗe ana shafawa yakan bar baƙin tabo a kumatu da gaɓoɓin yatsu, tabon da ke da wuyar fita. Na biyu magungunan siteroyid masu ƙarfi, waɗanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci don cutar fata. In aka mayar da su man shafawa sukan sirantar da fata, su kawo nankarwa da ƙuraje, su hana ciwo warkewa, har su iya jawo hawan jini da ciwon suga. Na uku makuri, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wanda ke iya kaiwa ga ɗan tayi da jariri mai shan nono. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Mafi haɗari shi ne haɗin gida da ake zubawa a roba babu suna babu bayani, a kira shi "na gargajiya".

Ƙunshi ma yana da nasa haɗarin. Lallen gaskiya ja yake bayarwa ko ruwan goro, kuma sai ya ɗauki awoyi kafin ya kama. Baƙin da ke kamawa cikin ƙasa da awa ɗaya, wanda ake kira sajen ko dayis, sau da yawa sinadarin rinin gashi ne mai suna PPD a cikinsa. Wasu ba ya yi musu komai. Wasu kuwa bayan kwanaki zanen ya kumbura ya yi ruwa, fulawar ta zauna a hannu ta zama tabo, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa ya ƙi shi ke nan har abada. Kwalli na dutse shi ma sau da yawa dalma ce a cikinsa: a 2012 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da dalma ta hau jininsa, aka auna kwallin da aka kawo daga Najeriya ana sa masa, aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Sai kuma burushi da soson hoda da ke yawo daga fuska zuwa fuska ba wanki, su ke raba ciwon ido da ƙuraje a gidan biki.

Mai kwalliyar da ta ce "wannan ba na shafa wa kowa" za ta rasa wasu kuɗi yau. Amma gari ne da kowa ya san kowa. Amarya ɗaya da fuskarta ta ƙone ta isa ta rufe shago.

Bakin jama'a da hukuma

Maraɗi gari ne mai kishin addini da al'ada, kuma ado ya taɓa tayar da ƙura a nan. Alphadi, mai zanen tufafin da ya fitar da sunan Nijar duniya, ya kafa bikin nuna tufafi na FIMA a 1998 a hamadar Tigidit kusa da Agadas. Da aka zo yin na biyu a Yamai cikin Nuwamban 2000, zanga-zangar adawa ta ɓarke a Yamai da Maraɗi, aka ƙona mashaya da wasu wurare. Wadda ke sana'ar a yau tana aiki ne cikin jama'ar da ba ta manta wannan ba. Da yawa sun samo hanyarsu: suna nuna hannu mai ƙunshi, ɗaurin kallabi a kan mutum-mutumi, ɗinkin abaya da lafaya, ba tare da sun fito da fuskarsu ba. Kasuwar sutura mai rufe jiki babba ce, kuma ita ce tamu tun asali.

Hoton amarya kuwa mallakinta ne. A nemi izininta, a kuma tabbatar gidansu da gidan mijin sun yarda, domin hoto ɗaya ya isa ya haɗa faɗa tsakanin dangi biyu. Habaici da zagi tsakanin abokan sana'a su ma yanzu ba wasa ba ne: a Yunin 2024 aka gyara dokar laifukan intanet ta 2019, aka dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da cin mutunci.

Inda burin zai iya kaiwa

Hanya tana nan ga wadda ta ɗauki abin da gaske. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, akwai asusun FAFPA da ke tallafa wa horo, akwai baje kolin SAFEM a Yamai inda mata masu sana'ar hannu ke haɗuwa da masu saye daga ƙasashe. Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke karanta ilimin sinadarai ko harkar kasuwanci tana da abin da za ta kawo cikin wannan fage. Kayan gida ma suna jiran mai dabara: fatar jar akuyar Maraɗi da duniya ta sani wajen jaka da takalmi, lallen da ake nomawa a ƙasarmu, zogalen fadamar Jiratawa, itacen da man ƙwayarsa ke shiga kayan shafa a ƙasashen waje. Wadda ke son kaya da sunanta a jiki, nan ya fi mata kusa a kan sake wa kwalbar Sin takarda. Harshe kuma jari ne: tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, kuma wadda ta iya bayanin kula da fata da Hausa tsantsa tana magana ne da miliyoyin mata daga Damagaram zuwa Zariya.

Iyaye, in ɗiyarku ta nuna sha'awa, hana ta ba zai kashe sha'awar ba, sai dai ta koma yi a ɓoye. Ku san wajen wa take koyo, gidan wa za ta, ƙarfe nawa za ta dawo, kuma kada sana'a ta fitar da ita daga lakwal, domin karatun ne zai ba ta damar karanta abin da ke rubuce a jikin kwalba. Hukumomin lafiya da na kasuwanci su riƙa leƙa rumfunan kayan shafa kamar yadda suke leƙa masu sayar da magani. Ke kuma mai shirin farawa, ki zauna ƙarƙashin gwana ki koya har hannunki ya faɗa, ki buɗe littafin lissafi tun amaryar farko, kuma kada ki shafa wa ɗiyar wani abin da ba ki san me ke cikinsa ba. Allah ya sa albarka a nema.