Mai Ɗaure Ƙafar Keke a Kwaciri

Sabon keke ba a kan ƙafafunsa yake shigowa Kano ba. A kwali yake zuwa, a wargaje: firam daban, rim daban, wayoyin ƙafa a ɗaure kamar damin tsintsiya, notina da boris a ƙulle cikin 'yar leda. Wanda ya saya a Sabon Gari, in dai ba haɗaɗɗe ya tarar ba, dole ya nemi mai haɗawa. A unguwa irin Kwaciri kuwa ba sai ka yi doguwar cigiya ba. Duk inda ka hango tsohuwar taya a rataye jikin bishiya, ga kwanon ruwa da ya yi baƙi, ga famfo a jingine, to ka iso wurin.

Mu 'yan gari suna ɗaya muke kiransu da shi, mai gyaran keke, amma su a tsakaninsu sun san matsayin kowa. Faci, yaro ma yana iyawa cikin mako guda. Ya zaro tiyub, ya ba shi iska, ya tsoma a ruwa yana juyawa har ƙumfa ta tona inda hujin yake, ya kankare, ya shafa sholisho, ya ɗan jira ya sha iska, ya manna. Abin da ke raba yaron shago da maigidansa shi ne ɗaurin ƙafa. A miƙa maka rim tsirara, da cibiyar ƙafar, da wayoyi 36, a ce ka mayar da su abin da zai ɗauki magidanci da buhun masara a kariya, ya bi ramukan hanya shekara da shekaru bai karkace ba.

Na sha zama ina kallon wannan aiki, kuma har yau bai gundure ni ba. Maigidan yana zaune kan ɗan benci, rim a kan cinyarsa, yana zura wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ƙetare 'yan uwanta uku kafin ta shiga raminta. Ba ya ƙirgawa da baki, yatsunsa sun haddace. Idan ya gama saƙar, sai ya kifa keken, sirdi da kai a ƙasa, ƙafafu a sama, ya ɗora ƙafar ya wulwula ta. Babban yatsansa yana dab da bakin rim. Duk inda rim ɗin ya gogi yatsan, sai ya tsayar, ya sassauta wayar wannan gefen kaɗan, ya ɗaure ta ɗaya gefen kaɗan, rubu'in murɗa kawai, ya sake wulwulawa. Wani lokaci ya kaɗa wayoyin da farce kamar mai gwada tsirkiyar garaya, ya kasa kunne. Wadda ta yi ƙara ƙasa-ƙasa ta saki, wadda ta yi tsini ta ɗauru fiye da kima. Yaro ya matso zai taimaka, sai ka ji an ce, "Kai, bari tukuna, zuba ido kawai." Yaron ya ce, "To, Baba," ya koma ya tsuguna.

Sana'ar ta girmi duk masu yin ta a yau. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a wajajen 1913, kantunan Turawa suka jeru kusa da tasha, kayan ƙarfe suka riƙa shigowa kamar yadda gyaɗa ke fita. Keke yana cikin abin da kuɗin gyaɗa ya saya wa manomi. Malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan kasuwar ƙauye, kowa burinsa ya mallaki Raleigh, keken birnin Nottingham na Ingila, wanda bakin Bahaushe ya mayar Rali. Kasuwarsa ta yi ƙarfin da har kamfanin ya buɗe masana'anta a Bompai. Daga baya Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka shigo da sauƙin kuɗi. Mu da muka tashi da hayar keke, ka biya 'yan kwabbai a ba ka na ɗan lokaci ka zaga unguwa, a gaban waɗannan mutane muka fara sanin sifana da filaya.

Sai babur ya zo ya kwashe kasuwa. Da yawa cikin masu gyaran keke suka koma gyaran babur, don can kuɗin yake. A Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa, Adaidaita Sahu ta cika titi. Bayan shekara goma, ranar 29 ga Mayun 2023, aka janye tallafin man fetur, mutane suka shiga zaure da ɗakin shirgi suna zaƙulo kekunan da suka yi tsatsa. Dattawan da suka ƙi barin sana'ar su aka koma nema.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wani irin keke da yanzu matasanmu ke gani a waya suna sha'awa, wanda danginsa na hannu suka fara ɓullowa cikin kekunan gwanjo. Keken tseren agogo ke nan, wanda mahayi ke fita shi kaɗai, ba ya bin bayan kowa, agogo ne alƙalinsa. Masu gasar tirayatalon ne suka fi riƙe shi, wato gasar da ake haɗa ninƙaya da tuƙa keke da gudu a jere ba hutu. A tazarar da ake yi a Olamfik, tun shigarta a birnin Sidni a 2000, ninƙaya kilomita 1.5 ce, keke 40, gudu 10. A Ironman kuwa, wadda aka fara a Hawai a 1978, ninƙaya kilomita 3.8, keke 180, sannan gudun 42.2. A wannan doguwar an haramta wa mahayi ya laɓe a bayan wani don iska ta rage masa, saboda haka duk iskar da ke gabansa shi zai tsaga ta da ƙirjinsa.

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke ya fuskanci iskar hunturu a hanyar Katsina ya san abin da nake nufi. A hanyar da ba tudu, idan gudu ya yi gudu, mafi yawan ƙarfin ƙafarka iska yake turewa, kuma jikin mahayi ya fi keken kansa tare ta. Ka ninka gudunka sau biyu, turin iskar ya ninku sau huɗu, ƙarfin da za ka kashe a kanta ya ninku sau takwas. Shi ya sa aka ƙera keken don ya kwantar da mutum. A kansa akwai sanduna biyu miƙe gaba kamar ƙahonni, da matasai biyu da mahayi ke kwantar da damatsansa, kafaɗu su tsuke, kai ya sunkuya, baya ya shimfiɗe. An tura sirdin gaba fiye da na keken tsere na yau da kullum, domin ƙugu ya buɗe duk da sunkuyon, cinya kuma ta rage sauran ƙarfin gudun da ke jira.

Masu tirayatalon ne suka fara amfani da waɗannan sanduna, manyan 'yan tseren Turai suna yi musu kallon baƙon abu, har zuwa 1989. A ranar ƙarshe ta gasar Tour de France ta shekarar, Greg LeMond ɗan Amurka yana bayan Laurent Fignon ɗan Faransa da daƙiƙa 50, saura kilomita 24.5 na tseren agogo daga garin Versailles zuwa Faris. LeMond ya ɗaura sandunan, ya sa hular da aka fiƙe bayanta. Fignon ya fito kai ba hula, da kan keke irin na da. Bayan mako uku ana fafatawa, LeMond ya cinye gasar da daƙiƙa 8. Daga ranar aka daina gardama.

To, a ce irin wannan keke ya iso Kwaciri sabo dal a kwalinsa, aka ajiye shi gaban dattijon nan mai ɗaurin ƙafa. Ni na yi imani rabin aikin yana hannunsa tuntuni. Masu haɗa irin wannan keke sun ce kafin ka taɓa noti, mahayin za ka fara aunawa: tsawon ƙafarsa, inda gwiwar hannunsa za ta sauka, iya sunkuyon da bayansa zai jure na sa'o'i biyar ko shida. Mutanenmu ma haka suke yi, sai dai da ido. "Alhaji, hau mu gani," in ji shi, ya ja baya ya duba yadda gwiwa ke lanƙwasa idan feda ta kai ƙasa, ya ɗaga sirdi yatsa biyu. Bambancin shi ne a keken tseren agogo akwai abubuwan da ake yankewa da zarto, wuyan fok da sandunan hannu, wani lokaci har sandar sirdi, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Awo sau uku, yanka sau ɗaya.

Ɗaya rabin aikin ne baƙo. Igiyoyin birki da na giya a cikin firam suke bi, a ɓoye, don kada iska ta kama su, sai an yi ta lallaɓa su da haƙuri kamar mai zura zare a allura cikin duhu. Wasu kekunan ma ba su da igiyar giya sam, batir ne da maɓalli a ƙarshen sandunan. Kamfanin Shimano ya fito da nasa irin a 2009. Sarƙar siririya ce, an yi ta don haƙora jeri 11 ko 12 a baya, ta Phoenix ba za ta shiga ba. Taya ma haka. Ta tsohon keke mai lamba 28 bakin rim ɗinta milimita 635 ne, ta keken tsere 622, a ido kamar ɗaya, amma ko ka kwana kana fama ba za ta zauna ba. Bawul ɗin ma siriri ne mai ɗan noti a ka, famfon shago ba ya kama shi sai an sa masa mahaɗi.

Babban haɗarin yana ga ɗauri. Bakanikenmu a kan ƙarfe ya koyi aiki, shi kuwa ƙarfe yana da haƙuri. Ka buga kota da guduma, ka taka sifana da ƙafa, in ya lanƙwashe a miƙe shi, in ya tsage a kai wa mai walda. Firam ɗin keken tsere na zamani zaren kabon ne da aka shimfiɗa sala-sala aka haɗe da danƙo, ga ƙarfi ga rashin nauyi, amma ba ya son matsa. A gefen kowane noti an rubuta iyakar ɗaurinsa, galibi 5 ko 6 a ma'aunin da suke kira niyuton-mita, kuma da sifana mai ma'auni ake ɗaure shi, wadda ke yin ƙas idan an kai.

Na ga abin da rashin wannan sifana ke jawowa. Wani ƙanena ya tara kuɗi ya sayi keken kabon na hannu, sirdin yana zamewa ƙasa, muka kai wa wani mai gyara, mutumin kirki wanda ya daɗe yana yi mana aiki. Ya sa alanki ya ɗaure, ya gwada, sirdin ya motsa, ya ƙara murɗawa kamar yadda ya saba tun yana yaro. Sai muka ji wata 'yar ƙara kamar an karya busasshen kara. Ya cire hannunsa, ya shafa wurin da yatsa, ga tsaga kamar silin gashi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, ban san halinsa ba." Ƙanen nawa ya ce, "Ba komai, Baba, ƙaddara ce." Maganin zamewar ashe wani ɗan maiƙo ne mai tsakuwa-tsakuwa da ake shafa wa sandar don ta kama ba tare da an matse ta ba. Har yau idan na tuna fuskar dattijon nan raina yana sosuwa, domin laifinsa kawai shi ne ba wanda ya taɓa nuna masa.

Wannan ne ke damuna. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a tseren keke, kuma keken da ta hau a zagayen cikin ɗaki 'yan tawagar Jamus ne suka ara mata. A shekarar ce Biniam Girmay na Iritiriya ya ci koriyar riga a Tour de France. A Satumban 2025 aka yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali, karo na farko a Afirka. 'Yan uwanmu na Burkina Faso suna yin Tour du Faso tun 1987. Bayan kowane ɗan tsere akwai wanda ya kwana yana haɗa masa keke. Kano tana da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, tana da matasa masu ƙarfin ƙafa, tana da masu ɗaurin ƙafar da kunnensu ke jin bambancin rubu'in murɗa. Abin da suka rasa bai wuce cikin akwati ɗaya ba: sifana mai ma'auni, jerin alanki masu kyau, zarton yankan kabon, da wanda zai zauna da su kwana kaɗan ya yi musu bayani da Hausa. Ina ganin masu shigo da kekunan ne ya fi kamata su fara, tunda su za su fi cin ribar keken da ya daɗe a hannun mai shi.

Akwai kuma abin da masu gyaran za su koya wa mai keken. Ƙafar tsere mai faɗin rim tana tsaga iskar gaba, amma iskar gefe tana kama ta kamar faifai. Saboda haka ne ma aka hana ƙafar da aka toshe gaba ɗaya a gasar Ironman ta Kona da ke Hawai. Wanda ya san hunturun Kano zai ce maka ka rage faɗin ta gaba. Zai ce maka kada ka cika wa sarƙa mai, ƙura za ta haɗu da shi ta zama abin wasa wuƙa ta cinye haƙoran. Zai duba siririyar tayar nan, ya tuna ƙaya da fasassun kwalabe, ya ce a nemo mai ɗan kauri.

Ranar da na wuce ta ƙarshe, bayan la'asar, yaron nan da ake ce wa ya zuba ido shi ne a kan bencin, rim a cinyarsa. Ƙafar wani keken ɗan makaranta ce da ta faɗa kwata. Ya wulwula, ya tsayar, ya murɗa, ya sake wulwulawa. Maigidan yana gefe yana alwala bai ko dube shi ba, sai da yaron ya kaɗa wata waya, sannan ya ce, "Ta kusa da ita, ba ita ba."